Ƙafar Bidi

Shekara goma sha shida Bidi ta yi tana jan keken katako kafin Baba ya kwance mata kaya. Goɗiya ce mai faɗin ƙirji, jikinta fari-fari da ɗigon baƙi. Da ita Baba ya riƙa kai katako wuraren gini, da ita ya ciyar da gida, har babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya girma ya karɓi wurin sayar da katakon ya sayi mota. Ranar da motar ta zo aikin Bidi ya ƙare. Baba ya kafa mata barga a bayan wurin, tsakanin rumfar zarto da katanga, ya shimfiɗa mata garin katako, ya mayar da kula da ita sana'a. Safe dusa, rana ciyawa, yamma dusa. Cikin shekara biyu ta yi ƙiba har tsakiyar bayanta ya yi kwari. Ma'aikatan wurin sukan ce duk unguwar babu mai cin fansho da daɗi kamarta.

Wata safiyar Talata aka sauke sababbin kwanukan rufi aka jingina su da katanga kusa da bargar. Baba ya fito da Bidi don ya share mata wuri. Daidai lokacin aka tayar da injin zarto, ƙarar da ta ji sau dubu a rayuwarta, amma ranar sai ta zabura ta yi harbi da ƙafar baya. Gefen kwanon ya same ta a ƙafar hagu, ta baya, kaɗan sama da wuyan ƙafa. Ba ta yi haniniya ba. Ta dai ɗage ƙafar ta tsaya a kan uku, jini yana bin kofato yana sauka cikin garin katako.

Baba ya tuɓe rigarsa ya ɗaure wurin tamau, ya ce wa Yaya ya kira Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, likitar dabbobi ce, shekararta biyu da gama karatu. Tana aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a can ɗaya ɓangaren garin, inda yawancin abin da ake kawowa shanu ne da tumaki da karnuka. Lokacin da ta ce wannan karatun take so, Baba ne ya fi kowa ƙi. Ya ce bai ga dalilin da 'ya mace za ta ƙare rayuwarta hannu cikin kashin shanu ba, ga aikin jinya, ga koyarwa. Ta yi karatun duk da haka. Shekara biyar bai taɓa tambayarta me ake koya musu ba. Da ta gama ma abin da ya ce kawai shi ne Allah ya sa albarka, ya ci gaba da gyaran linzamin da ke hannunsa. Ba su taɓa yin faɗa a kan maganar ba, ba su kuma taɓa komawa kanta ba.

Ta iso cikin motar asibiti, ta durƙusa ta kwance rigar, ta wanke ciwon. Ta daɗe tana dubawa da fitilar hannu. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke riƙe ƙafa ta baya ta yanke fiye da rabi. Ta koma gefe ta kira Babban Likita, shugabanta a wurin aiki, dattijon da ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Ya tambayi shekarun goɗiyar da nauyinta, sannan ya ce shi dai da shi ne ba zai ɗaure ƙafar da filasta ba, sai in za a kwantar da ita a inda likita zai gan ta kullum, su kuwa ba su da ɗakin doki. Ya ce amma ita ke wurin, dabbar kuma ta gidansu ce, ta yanke abin da ta gani.

Yaya ya riga ya faɗi nasa ra'ayin: tsohuwar dabba ce, ta ci zamaninta, a hutar da ita kawai. Baba bai ko kalle shi ba.

Auta ta zaunar da mahaifinta a kan wani tulin katako ta yi masa bayani. Za a iya ɗinke jijiyar, amma ɗinki ba zai riƙe ba sai an hana ƙafar motsi na makonni. Hanyar hana ta motsi ita ce filasta, wato bandejin da ake jiƙawa a naɗe ya ƙanƙare kamar siminti.

"Baba, sai na faɗa maka gaskiya tun yanzu," in ji ta. "Mutum in an sa masa filasta kwanciya yake yi. Doki a tsaye yake kwana, a kanta zai taka dare da rana. Bidi ta tsufa, fatarta ta yi laushi, ga nauyi. Dole kuma in lanƙwasa ƙafar kaɗan don jijiyar ta saki, wannan yana sa filasta ta fi cin fata. Yanzu ƙafar a kumbure take. In kumburin ya saɓe, filastar za ta yi mata yawa, ta riƙa gogar ta daga ciki, mu ba ma gani. In kuma ta ji zafi ta daina taka ta, duk nauyin zai koma kan ɗaya ƙafar, ita ma ta lalace. Duk abin da ke kawo matsala a wannan aikin, Bidi tana da shi."

Baba ya tambaya ko ta taɓa yi. Ta ce ta taɓa yi sau uku a makaranta, malami yana tsaye a kanta. Ita kaɗai ba ta taɓa ba.

"To yi," in ji shi.

Aka yi wa Bidi allurar barci, ma'aikata shida suka tallafe ta da igiya har ta kwanta a kan tsofaffin katifu. Auta ta yi ɗinkin a durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ta sa wa ƙafar doguwar safa, ta ƙara auduga a inda ƙashi ya fito, sannan ta shiga jiƙa bandejin tana naɗawa, tun daga ƙasan gwiwa har ya rufe kofato ruf. Ta sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin dunduniya don ƙafar ta tsaya yadda take so. Baba ne ya riƙe ƙafar. Ta ce masa da tafin hannu zai riƙe, kada ya danna da yatsa, don duk inda yatsa ya lotsa a waje, ƙulli ne a ciki. Haka ya riƙe har hannuwansa suka gaji, bai ce a karɓe shi ba. Yana jin bandejin yana ɗumi yana tauri a tafinsa.

Da maganin ya sake ta, Bidi ta yi yunƙuri biyu ta koma. A na uku ta miƙe, ta ɗaga ƙafar tana kallon wannan farin abu da aka liƙa mata, ta girgiza shi, sannan a hankali ta ajiye shi ƙasa ta taka. Ma'aikata suka yi ta sannu da aiki. Baba ya juya ya shiga barga, wai zai gyara shimfiɗa.

Kwana biyar Auta tana zuwa safe da yamma. Komai yana tafiya daidai. Bidi tana taka ƙafar, tana cin abinci, jikinta ba zafi. Auta ta sa aka rage mata dusa, Baba ya yarda da baki, amma ta sha ganin ɓurɓushi a aljihun rigarsa.

A rana ta shida aka ce wata cuta ta ɓulla a garkunan shanu can wajen gari, tafiyar rabin yini, kuma Auta na cikin waɗanda za su je rigakafi na kwana tara. Ta lissafa a ranta. Da ta dawo filastar za ta yi kwana goma sha biyar. Ta san kumburin ya riga ya soma saɓewa, ta san kamata ya yi wani mai ido ya duba a tsakani, wataƙila ma a cire a sake wata. Ta tsaya a ƙofar ofishin Babban Likita da niyyar roƙonsa ya leƙa ko sau biyu ne. Ta tuna shi ne ya ce da shi ne ba zai sa ba. Ta ga kamar za ta ɗora masa ɗawainiyar abin da ya hana, ta kuma ji ba ta son ya je ya tsaya a kan aikinta yana girgiza kai. Sai ta yi masa sallama kawai ta wuce.

Da yamma ta koya wa Baba abin da zai riƙa yi. Kowace safiya ya shafa filastar da hannu daga sama har ƙasa, ko akwai inda ya fi wani ɗumi. Ya sa hanci ya shinshina bakinta na sama. Ya duba ko wani wuri ya jiƙe ko ya canza launi, ko ƙudaje suna taruwa a wuri ɗaya. Ya lura ko tana taka ƙafar kamar jiya. Ya taɓa kofaton dama. Ta ce ko ɗaya ya gani, ko yana shakka ne ma, ya kira ta nan take. Ya ce ai shi ya san Bidi tun kafin ita ta iya ɗaura ɗankwali.

Labarin goɗiya mai filasta ya riga ya zaga unguwa. Masu zuwa sayen katako sukan zagaya baya su leƙa. Wani kafinta mai yawan barkwanci ya ce saura a saya mata sandar dogarawa da tabarau. Wani tsohon abokin Baba, wanda suka yi zamanin keken doki tare, ya ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa ya ce shi a iya saninsa dokin da jijiyarsa ta yanke ya gama, waɗannan dabarun 'yan makaranta ne kawai. Baba, wanda bai saba yawan magana ba, sai ga shi yana bayani tiryan-tiryan: yadda aka ɗinke jijiya, dalilin guntun katakon, dalilin da ba a dannawa da yatsa. Kowa ya zo sai ya ji cewa 'yarsa ce ta yi, ita kaɗai, a durƙushe a nan wurin. Yaya ya ce wa matarsa tun da aka haife shi bai taɓa jin Baba ya yabi wani haka ba.

A rana ta tara da sa filastar Baba ya ga ƙudaje uku a bayan filastar, daidai wuyan ƙafa. Ya kore su, suka dawo. Ya ce a ransa barga ce, ina za a raba ta da ƙuda.

A rana ta goma ya shafa ya ji wurin ya fi sauran ɗumi. Akwai ɗan tabo rawaya-rawaya, bai fi girman kwabo ba. Ya sa tsumma ya goge, bai fita ba, don daga ciki yake fitowa. Ya daɗe a tsugune. Da Auta ta kira da yamma ya ce lafiya lau, tana cin abinci. Ba ƙarya ya yi ba, ta ci, sai dai rabi.

Ba wai bai gane abin da ya gani ba ne. Ya gane sarai, don an faɗa masa filla-filla. Abin da ya kasa shi ne buɗe baki ya ce wa Auta aikinta ya ɓaci. Shekara bakwai bai ce mata komai a kan sana'arta ba sai shiru mai nauyi. Yanzu da ya samu abin da zai nuna wa mutane, sai kuma ya zama shi ne zai fara kai mata labarin aibinsa? Ya ga kamar za ta ɗauka abin da yake jira ke nan tun farko. Ya kuma tuna fuskar tsohon abokinsa. Ya ce bari ya ga gobe, wataƙila ya bushe da kansa.

Gobe ta yi, tabon ya kai tafin yaro. Baba ya samo farin ƙyalle mai tsabta ya naɗe filastar da shi, ya ce wa ma'aikata don ƙura ne. Bidi ta daina taka ƙafar sai da bakin kofato. Yini guda tana tsaye a kan ta dama, tana ɗan sauya tsayuwa, tana waiwayar bayanta. Ya hana mutane zagayawa baya, ya ce tana bukatar hutu.

Yaya ne ya ji warin a rana ta goma sha biyu, da ya je ɗaukar igiya. Ya tambayi Baba ko Auta ta sani. Baba ya ce saura kwana uku ta dawo, tana can tana fama da aikin mutane, ba sai an ɗaga mata hankali ba. Yaya bai yi musu ba, bai taɓa yi da shi ba. Ya fita bakin titi, ya tsaya jikin motarsa ya ɗan jima, sannan ya kira ƙanwarsa.

Ta iso washegari da hantsi, da ƙurar hanya a takalminta. Tun daga rumfar zarto ta ji warin. Ta gaida Baba kamar kullum, ya amsa bai ɗago ba. Ta warware farin ƙyallen ta ninke ta ajiye a gefe, ba ta ce komai a kansa ba. Ta zura yatsu ta bakin filastar na sama, yatsu uku suka shige. Ranar da ta sa, ɗaya ma da ƙyar yake shiga.

Ta yi wa Bidi allura ta kwantar mata da hankali, ta jona ƙaramin zarton filasta ta tsaga gefe da gefe. Da aka buɗe, ma'aikacin da ke riƙe da fitila ya kau da kai. Audugar ta jiƙe ta yi baƙi. A bayan wuyan ƙafa fata ta cinye ta zama gyambo mai zurfi, wani kuma a gaba, inda bakin filastar ke gugar ƙashi. Ɗinkin jijiyar kuwa yana nan lafiya, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Sai ta zagaya ta dafa kofaton dama. Zafi rau, kamar an ajiye shi a rana. Ta danna yatsa a jijiyar jinin da ke sama da shi, ta ji tana bugawa da ƙarfi. Wannan ne ya sa ta zauna a ƙasa. Naman da ke riƙe kofato da ƙashi daga ciki ya soma kumbura, saboda kwanaki yana ɗauke da nauyin da ƙafa biyu ya kamata su raba. Gyambo ana wanke shi ya warke. Wannan kuwa in ya yi nisa ba ya dawowa.

Sai da ta wanke ciwon ta naɗe, ta sa aka kawo ƙanƙara aka tsoma ƙafar dama a bokiti, ma'aikata suka watse, sannan ta juyo.

"Baba, yaushe ka fara gani?"

Ya ce kwana huɗu ke nan.

"Kullum ina kiranka."

"Kina kira."

"To me ya sa?"

Ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa. "Ban iya ce miki aikinki ya lalace ba, Auta. Na ɗauki wayar sau biyu. Bakina ne ya ƙi."

Ta ce masa aikin filasta dama haka yake, ba a sa ta a tafi, ciwo a ƙarƙashinta ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kisa. Muryarta ta ɗan ɗaga a kalmar ƙarshe. Can ta ce ita ma tana da nata. Ta san kumburi zai saɓe, ta san ya kamata likita ya duba, ta je har ƙofar Babban Likita ta kasa roƙonsa don kada ya ga kamar ta yi kuskure. Ta bar wa tsoho aikin da ba nasa ba.

Baba ya ce a'a, laifinsa ne. Ta ce ba rabon gado ake yi ba, kowa ya riƙe nasa.

Da rana ta je ta faɗa wa Babban Likita komai, har da tsayuwarta a ƙofarsa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗauki jakarsa ya ce su je. Ya duba ƙafafun biyu, ya yaba ɗinkin, ya ce da a hannunsa ne ma ba zai fi haka ba. Game da kofaton dama ya ce a gwada, amma kada a sa rai da yawa. Da za su rabu a bakin mota ya ce mata, a hankali yadda Baba ba zai ji ba, nan gaba ko ya hana abu ta yi, ta zo ta kira shi, don dabbar ba ta san wa ya ce a yi wa ya ce a bari ba.

Kwana goma sha bakwai aka yi ana fama. An sa wa ƙafar hagu bandeji mai kauri da katako a maimakon filasta, ana buɗewa kullum a wanke. Yaya, wanda ya ce a hutar da ita tun ranar farko, shi ya hau rufin barga ya ƙara ginshiƙai biyu, aka rataya majanyi na tamfol a ƙarƙashin cikin Bidi don ya rage mata nauyi. Shi yake zuwa sayen ƙanƙara da motarsa safe da rana. An ƙara garin katako har ƙafa tana nutsewa. An hana dusa gaba ɗaya, wannan karon aljihun Baba ba komai. Kowace safiya kafin Auta ta sauke jakarta Baba zai tare ta da rahoto: ta ci kaza, ta sha kaza, ta kwanta sau biyu, gefen nan ya fi jiya ɗumi. Har abin da bai kai a faɗa ba sai ya faɗa.

A mako na farko kamar za a dace. Gyambon ya soma ja, yana tsirar sabon nama. Akwai ranar da Bidi ta miƙa wuya ta fizge hular kafintan nan mai barkwanci, aka yi dariya, har Baba. Amma ƙafar dama ba ta huce ba. A mako na biyu Bidi ta soma ƙin majanyin, tana son kwanciya. In ta kwanta tashi ya zama aiki, sai mutum huɗu sun taimaka. Kwatangwalonta ya soma saɓulewa saboda kwanciya. Ƙibar da ake mata tsiya da ita ta zube, haƙarƙari suka fito. Maganin rage zafi da ke riƙe ta yini guda ya koma rabin yini.

A rana ta goma sha bakwai da safe Auta ta shafa saman kofaton dama, inda gashi ya haɗu da shi, ta ji wurin ya lotsa ya yi rami. Ƙashin ya rabu da kofato ya soma nutsewa. Ta kama hannun Baba ta ɗora a wurin don ya ji da kansa. Ta soma neman yadda za ta faɗa masa, sai ya riga ta.

"Ta gaji," in ji shi. "Kada mu ƙara mata."

Ya roƙi a ba shi awa ɗaya. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya goge mata fuska da wuya, ya taje mata geza, ya cire ɓurɓushin katakon da ya maƙale a wutsiyarta. Ya aika aka kawo dusa cikin kwano, ya jiƙa, ya riƙa ba ta a tafin hannu. Ta ci kaɗan. Yaya ya sa aka kashe injin zarto, wurin ya yi tsit yadda bai taɓa yi da rana ba. Babban Likita ya ce zai zo ya yi allurar in Auta ba za ta iya ba. Ta gode masa ta ce za ta yi.

Baba ya zauna ya ɗora kan Bidi a cinyarsa, ya rufe mata ido da tafin hannu. Auta ta nemi jijiyar wuya ta sa allurar. Ba a daɗe ba. Ta sa abin sauraron ƙirji ta saurara har ta tabbata, sannan ta gyaɗa masa kai.

Wani mai motar haƙa da ke aiki a ginin da ke kusa ya zo ya haƙa rami a bayan katanga, ya ƙi karɓar komai. Kafin la'asar an gama.

Auta ta ce za ta sauke Baba a gida. Suka kama hanya har suka wuce gada. Ana ta cunkoso, masu babura suna kutsawa ta kowane gefe. Baba yana kallon waje ya tambaye ta, da ya kira ta ranar da ya ga ƙudajen nan, da Bidi ta rayu?

Ta so ta ce masa a'a, dama ba za ta yi ba, don ya samu barci. Amma ta ga ya gaji da a rufa masa, ita ma ta gaji da rufawa.

"Ban sani ba, Baba. Da ta fi samun dama. Da ni ma na sa an duba ta, da ta fi samu. Amma ko da mun yi komai daidai, mai yiwuwa nan za mu ƙare. Ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce gobe kada ta wahalar da kanta ta biyo ta wurin katako, tunda ba abin dubawa. Ta ce to. Da suka isa ƙofar gida bai sauka nan da nan ba. Ya tambaye ta shanun da ta baro a can wajen gari, wace irin cuta ce ta kama su, kuma yaya ake gane ta. Ta kashe motar ta soma yi masa bayani.